Ka Sha Ruwa a Kan Hanya, Ko Wa Ke Kallo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga Baban Nana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa ka buɗe wannan takarda ka riga ka sauka lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya haɗa ka da mutanen kirki a can Filato inda za ka yi watannin horon nan, ya sa sanyin wurin ya karɓe ka. Babanka yana sa maka albarka. Labarin gida ba zan cika ka da shi ba, yadda ka baro shi da safe haka yake.

Ka san ni da kai ba mu saba doguwar magana ba. Kai ne ɗan fari, ko sunanka ban taɓa kamawa ba, in ka shigo gaishe ni ina amsawa ne ina kallon wani gefe. Shi ya sa na ɗauko biro. Rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, sai ka yi haƙuri da shi. In ka ga layi ya karkace, to tun ranar Talata ban dawo daidai ba.

Ranar Talatar nan bayan la'asar matarka Safiya ta shigo ɗakina, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ƙi tashi. Na ɗauka faɗa kuka yi. Ta ce, "Inna, ki gafarce ni. Akwai abin da ya ce kada in faɗa miki, ga shi kuma zai tafi, na kasa riƙe shi ni kaɗai." Kada ka kuskura ka yi mata faɗa a kan wannan. In akwai mai hankali a gidanka, ita ce.

Ni dama gudun nan naka ban taɓa ɗaukarsa da nauyi ba. Magidanci da aikinsa da iyalinsa, ya idar da sallar asuba ya kama zagaye duwatsun Kazaure ba wanda ya biyo shi. Maƙwabciyata ta taɓa leƙowa ta katanga ta ce, "Inna, lafiya kuwa? Na ga ɗanki ya wuce ta bakin dam kamar an ce gobara." Na ce mata lafiya lau, sabon salo ne na 'yan boko, zai gaji ya bari. Ba ka bari ba. Bara ka je birni ka yi gasar da kuke cewa rabin gudun fanfalaki, ka dawo da lambar yabo ka ajiye mini a kan tabarma. Ban ce maka komai ba, amma da ka fita na ɗauka na jujjuya ta, na ji daɗi ƙwarai. Na lura ka kwana biyu a can fiye da yadda ka ce, na ɗauka zumunci ka tsaya yi.

Da ka ce bana cikakken za ka shiga, kilomita arba'in da biyu, ni lissafin kilomita bai dame ni ba, sai na tambayi babanka. Ya ce, "Ki ɗauka mutum ya tashi daga nan ya je Roni, bai zauna ba ya juyo ya dawo." Na ce, "A babur?" Ya ce, "Da ƙafa, kuma a guje. Wanda ya yi bara zuwan ne kawai, babu dawowar." Na riƙe baki. Na san hanyar Roni da tafin ƙafata, na san abin da take yi wa mutum. Duk da haka na ce a raina, yaro ne mai ƙarfi, Allah ya taimaka.

To, sai Safiya ta miƙo mini wayarta, ta nuna mini hoton bidiyon gasar bara. Na gan ka da riga mai lamba a ƙirji, cikin jama'a kamar an buɗe garke. A gefen titi an jera tebura cike da gorunan ruwa. Duk wanda ya zo sai ya fizgi ɗaya, ya kurɓa yana gudu, wani ma ya juye sauran a kansa. Har wata mata na gani da furfura a kanta, ta fizga ta kafa kai ba ruwanta da kowa. Sai ga ka. Wani ya miƙo maka gora har tana taɓa hannunka, ka kau da fuska ka wuce. Na ce wataƙila ba ka gani ba. Aka zo wani teburin, ka sake kau da kai. Haka har ƙarshe. Na ga lokacin da ka tsallake layin, leɓɓanka sun yi fari fat, ƙafafunka suna harɗewa, ka yi taku kaɗan ka zube kamar an yanke igiya. Na ga mutane sun ɗauke ka ranga-ranga sun nufi motar asibiti, takalminka ɗaya ya fita.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wayar ta faɗi daga hannuna. Ashe kwanakin da na ce zumunci kake yi, kana kwance ana yi maka ƙarin ruwa! Ashe lambar da na jujjuya ina murmushi, daga gadon asibiti ka taso da ita! Safiya ta ce likitan da ya duba ka ya gaya mata rabin ma da ƙyar jikinka ya ɗauka. Ya ce in ka maimaita haka a cikakken, ƙoda na iya tsayawa, kuma ba kowa ake ɗauka a kwance ya tashi ba.

Na ce, "Me ya hana shi sha? Azumi yake yi?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "A'a, Inna. Ya ce shi ba zai iya ba. Wai ga dattawa a gefen titi, ga masu ɗaukar hoto, ya kama kurɓar ruwa a tsaye kamar wanda ba a yi wa tarbiyya ba. Wai ba haka kika rene shi ba. Ko atisaye zai fita, in na cika masa gora sai ya bar ta a zaure."

Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Muryata na ji a cikin maganar nan, ba taka ba.

Ban sani ba ko kana tuna ranar da za mu je biki Babura, kana ɗan shekara bakwai ko kusa da haka. Muna tasha muna jiran mota ta cika, rana kamar ta sauko ƙasa. Wata baiwar Allah da ke kusa da mu ta ga kana lasar leɓe, ta saya maka zoɓo mai sanyi a leda. Ka kai baki ke nan na buge hannunka, ledar ta faɗi ta fashe a ƙasa. Na ce, "Ɗan mutunci ba ya ci ba ya sha a titi." Ba ka yi kuka ba. Ka haɗiye yawu ka zauna shiru har Babura. Da muka dawo na ba babanka labari ina alfahari, na ce yaron nan jininmu ne. Daga nan na ɗora: in ka je gidan mutane aka kawo abinci ka ce ka ƙoshi, in ka ga babba ka ɓoye abin da ke hannunka, in ka ji ciwo ka cije. Ƙannenka duk sun ji wannan karatu, suna fita zaure suke zubar da rabinsa. Kai kaɗai ka haddace shi duka, ban taɓa sanin ka haddace shi har haka ba.

Ni ma haka aka ba ni shi a rugarmu ta wajen Gwiwa. A wurinmu cin abinci a idon jama'a tsiraici ne, balle a gaban suruki. Ba na cewa duk abin banza ne. Shi ya sa ba ka taɓa zama mai kwaɗayi ba, ba ka taɓa sa ni jin kunya a gidan kowa ba. Amma akwai abin da ya faru da ni wanda ya kamata a ce ya koya mini iyakar abin, ni kuwa na ƙi koyo.

Ina amarya, muna can ƙauye babanka bai samu aikin ƙaramar hukuma ba tukuna, na ɗauki ƙwaryar nono zan kai kasuwar Roni a tsakiyar bazara. Hanyar ta bi ta ƙofar gidan wan kakanka, ga shi zaune a gindin tsamiya da dattawan garin. Na tuɓe takalmi na durƙusa na gaishe su. Ya sa aka kawo mini ruwa a moɗa, ruwan randa mai sanyi, ina jin ƙamshin ƙasarsa. Na ce na sha a gida. Ƙarya nake yi. A kasuwa ma ban sa komai a bakina ba, don duk inda na juya sai in ga kamar dangin miji ne. Da zan dawo na sake biyowa ta gabansu, na durƙusa zan yi gaisuwa, sai na ga tsamiyar tana juyawa. Da na farfaɗo, ina kwance a kan buzun tsohon nan, ɗankwalina ya yi nasa wuri, shi da kansa yake tsiyaya mini ruwan buta a ka, mutanen gari sun kewaye ni har da yara. Na yi shekaru ana nuna ni a garin ana cewa ga amaryar da ta faɗi. Ka san abin da na ɗauka daga wannan? Cewa na yi ragwantaka ce ta kayar da ni, dole in ƙara taurin rai. Ka ji wautar uwarka.

Saboda haka ka saurare ni. Kada ka jira sai ƙishirwa ta kama ka, don lokacin da na ga tsamiya tana juyawa na daɗe da daina jin ƙishirwar. Safiya ta ce kocinku ya sha gaya muku cewa shi ma ciki horar da shi ake yi kamar ƙafa, wanda bai saba sha yana gudu ba ranar gasa cikinsa zai murɗa. To, tun fitarku ta farko ka ɗauki gorarka, ka sha a gaban abokan horonka, ka sha a gaban kocin ko da ya haife ka. In doguwar fita ce ka jefa gishiri kaɗan da sukari a ciki, irin wanda muke haɗa wa yara in zawo ya kama su. Na sa maka dabino a jaka, na cire ƙwallayen da hannuna don kada ka ce za su shaƙe ka. Ba na zaman ɗaki ba ne, na kan hanya ne, ka riƙa jefa ɗaya a baki kana tafe.

Na san za ka ce ai sha a tsaye ba kyau. Na riga ka, na tambayi babanka, ka san shi da littattafansa. Ya ce zama ya fi, amma tsayuwar ba haramun ba ce, balle ga lalura. Sai ya ƙara da cewa, "Ai ke kika mai da shi farilla a gidan nan." Na harare shi.

Akwai wata maganar da ban taɓa tsammanin zan yi da kai ba, sai dai tunda takarda ba ta da ido, bari in yi. Ranar da zan haife ka, tun hantsi ciwo ya kama ni ina tsakar gida ina surfe. A wurinmu mai haihuwar fari ba ta nuna ta san abin da ke faruwa. Na ci gaba da surfena, in abin ya murɗo in dafa turmi in yi kamar ina gyara zane. Har azahar, har la'asar. Sai da kakarka ta ga jini a inda na tsaya sannan gida ya rikice, aka nemo mota da ƙyar aka kawo ni asibiti Kazaure. Ma'aikaciyar da ta karɓe ni ta dubi kakarka ta ce, "Tun yaushe take haka?" Ba wanda ya sani, don ban gaya wa kowa ba. Ka zo duniya ba ka yi kuka da wuri ba, ni kuma na yi makonni ban iya ɗaga ka ba. Amma da muka koma gida mata sai yabona suke yi, wai ko uhum ban ce ba. Na karɓi yabon nan na rungume, na manta cewa saura ƙiris a binne mu tare.

Na faɗi wannan ne saboda ƙafarka ta hagu. Kana tsammanin ban gani ba? In ka durƙusa gaishe ni za ka tashi, sai ka dafa ƙasa ka ɗora nauyinka a kan ta dama. Ka fi wata kana haka. Don ina kallon wani gefe ba ya nufin ba na ganinka. Ranar da ka isa, kafin ka kwance kaya, ka je ka gaya wa kocin nan inda ke maka ciwo, ka nuna masa da yatsa. Ni ban san aikinku ba, amma na san gajiya daban, ciwo daban. Gajiya in ka kwanta ka tashi ta tafi. Wanda ke tsaye wuri ɗaya, kullum yana nan yana ƙaruwa, wannan ba na cijewa ba ne. In an ce ka huta mako guda ka huta, kada ka lallaɓa ka fita don kada a ce ɗan Kazaure rago ne. Masu yabon ba su ne za su yi jinyarka ba, Safiya ce.

Sai maganar gaggawa, don na san halinka, in ka sa abu a gaba kamar an ɗaure maka wuta. Ina yarinya, shekarar da muka yi ƙaura da shanu zuwa wajen Yankwashi neman ciyawa, mahaifina ya ba ni maruƙa in kora. Da safe akwai sanyi-sanyi, maruƙan suna ta tsalle, ni kuma ina so in nuna na fi yayyena. Na sa su a gaba da tsumagiya, muka bar garken can baya, ina waiwaye ina dariya. Rana ba ta kai tsaka ba suka fara kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Na ja kunne, na ɗaga wutsiya, na yi kuka, ko motsi. Manyan shanun da na raina suka zo a hankali suna kiwo suna tafiya, suka wuce mu. Mahaifina bai doke ni ba. Ya saɓa ƙaramin a kafaɗa ya ce in biyo shi, kuma bai yi mini magana ba har muka sauka. Ɗaya daga cikinsu bai ƙara yin ƙwari ba, damina ba ta same shi ba.

Don ka iya zuwa Roni, ba shi ke nuna gobe za ka iya zuwa ka dawo ba. Ka riƙa ƙara nisan kaɗan-kaɗan yadda aka tsara maka, kada ka ninka don ka ji ƙarfi wata safiya. Ranar hutu ka huta da gaske, ba ka ce za ka ɗan taka dutse ba. Ranar gasar kuma in an sake ku, ka bar masu tsalle su yi gaba, ka riƙe kanka ko da kana jin kamar ka tashi sama. Safiya ta ce wai can wajen ƙarshe akwai inda ƙarfi ke ɗaukewa gaba ɗaya, mutum ya ji ƙafafunsa kamar ba nasa ba. Ban yi mamaki ba, na ga hakan da idona a jikin maruƙa.

Su kuma korayen takalman nan da ka saya kake ɓoyo a kwali wai sai ranar gasa, fito da su ka fara takawa tun yanzu. Shekarar da na je aikin Hajji na yi wannan gwanintar, na ajiye sabon takalmi sai ranar jifa. Ƙafata ta yi bororo ta fashe, na ƙarasa da silifas ɗin wata 'yar Nijar da ta ji tausayina, ɗaya ya fi ɗaya girma.

Da na gaya wa babanka abin da na gani a waya, sai ya yi salati. Sannan ya ce, "To ki hana shi mana. Kalma ɗaya za ki faɗa." Gaskiyarsa. Na san in na ce kada ka je, za ka mai da takalman kwali, ka ce to Inna, ba za ka ƙara tayar da maganar ba har abada. Na kwana biyu ina juya wannan, kuma ba zan ɓoye maka ba, na so in yi hakan. Tsoro nake ji, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Amma da na duba sai na ga wannan biyayyar taka ita ce ta kwantar da kai a asibiti. Magana ɗaya na yi a tasha kana yaro, ka riƙe ta fiye da shekara ashirin har ta kusa kashe ka. Ban ga dalilin da zan sake jefa maka wata in raba ka da abin da kake so ba. Ban gane daɗin da kuke ji a gudun nan ba, kuma ba na jin zan gane. Na dai ga fuskarka in ka dawo da safe, gumi na zuba kana wasa da Nana, ban taɓa ganinka da sakin rai irin na lokacin ba. Ka je ka yi.

Sai dai na san takarda kaɗai ba za ta kankare abin da na daɗe ina shafawa ba. Za ka karanta ka ce Inna ta faɗa ne don tsoro, a zuciyarta ba haka take so ba. Shi ya sa jiya, da yake ranar kasuwa ce, na sa hijabina na ce Safiya ta raka ni. Ta ɗauka cefanen tafiyarka za mu yi.

Muka ratsa 'yan tumatir muka shiga layin 'yan hatsi. Na tsayar da mai ruwan leda na karɓi ɗaya. Safiya ta taɓa ni ta yi ƙasa da murya ta ce, "Inna, ga Baffa Sale can fa a rumfarsa." Na ce, "Na gan shi. Don shi na tsaya a nan." Ka san Yaya Sale, yayan babanka, tun da aka kawo ni gidansu ko goro bai taɓa ganin na tauna ba, har yau kuma Amarya yake ce mini. Ga shi zaune da abokan cinikinsa, dattawa masu fararen gemu, yana auna gero.

Na ɗaga ledar zan ciza, hannuna ya ƙi kaiwa. Na sauke. Na ji kamar duk kasuwar ta yi tsit tana kallona, ga surukata a gefe, ga yayan mijina a gaba. Gumi ya keto mini. Na tuna takalminka da ya fita lokacin da suka ɗauke ka, sai na rufe ido na ciza. Ruwan ya tsinke ya feso mini a fuska, na kafa kai na sha a tsaye a tsakiyar hanya, na ƙware, na yi tari, ya zubo ta haɓata ya jiƙa gaban hijabin. Wani mai adaidaita yana ta danna mini oda in ba shi hanya. Ban matsa ba sai da na tsotse ledar.

Da na buɗe ido, Yaya Sale ya tsaya da tiya a hannu, geron yana zubewa, bakinsa a buɗe. Ya ce, "Amarya, lafiya dai?"

Na ce, "Ƙishirwa nake ji, Yaya."

Ya dube ni, ya dubi Safiya, ya sake dubana. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Kai, mai ruwa, ƙaro mata ɗaya." Ya juya ya ci gaba da awonsa.

Shi ke nan fa. Kasuwa ba ta tashi ba, ba wanda ya nuna ni, matar da ke kusa da ni ma farashin wake take ta ja. Na tsaya da leda ta biyu a hannu kamar wadda aka dasa. Na ji kunya, ba zan yi maka ƙarya ba, har yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi. Amma abin da ya fi girgiza ni shi ne ƙanƙantar abin. Wannan ne? Don wannan na buge hannun yaro a tasha? Don wannan aka ɗauki ɗana ranga-ranga a gaban duniya? A cikin adaidaita muna dawowa na ja hijabi na rufe fuska na yi kuka, Safiya ta yi kamar tana kallon titi. In ba ka yarda ba ka tambaye ta, a gabanta aka yi komai.

Ban taɓa roƙonka wani abu ba tun da ka girma, yanzu ma ba roƙo nake yi ba. Duk teburin da ka zo, ka miƙa hannu ka karɓa ka sha, ko waye a tsaye a gefen titin, ko da sa'an kakanka ne. Ni na yi nawa a gaban Yaya Sale, da furfurata da jikata. Saura kai.

Allah ya yi maka albarka, ya ƙarfafa ƙafafunka, ya raba ka da ciwo na fili da na ɓoye. Allah ya sa ka fara lafiya ka gama lafiya, ko na nawa ka zo. Na bar ka a hannun Wanda ba ya barci. Ya dawo mini da kai kana tafe da ƙafarka, ka shigo ka durƙusa ka gaishe ni kamar kullum. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum.

Ni ce mahaifiyarka,
Inna